Dahabaya da Bakin Surukinta

A Durti, in iska ta juyo daga bakin rafi ka ji hancinka na neman komawa cikin kanka, kada ka tashi neman mushe. Dahabaya ce ta buɗe tulu.

Sana'arta kawal, wato irin daddawar da ake yi da ganyen tafasa. Ta gaje ta wurin uwarta, tare da wani fili a bakin rafi inda tafasa ke fitowa duk damina ba tare da kowa ya shuka ta ba. Takan yago ganyen yana ɗanye, ta kirɓa a turmi, ta danna a tulun da ta binne a ƙasa, ta rufe da ganyen dawa, ta liƙe da laka. Jifa-jifa ta buɗe ta juya shi da hannu, a nan ne maƙwabta ke tunawa suna da dangi a wata unguwa waɗanda suka daɗe ba su gaisar ba. In ya nuna sai ta cura shi ƙanana ta shanya. Busasshen curi ɗaya a tukunya, miyar talaka ta fara yi wa miyar nama kallon tsara. Waɗanda suka fi gudu ranar buɗe tulu su ne ke fara zuwa saye.

A Durti aka haife ta, a Durti aka aurar da ita. Yayarta Toma ce aka kai ƙetaren rafi, a zamanin da ba wanda ya gaya wa rafin cewa shi iyakar ƙasa ne. Mijin Dahabaya dillalin jakuna ne, mutum mai haƙuri da yawan ba da shawara. Ya rasu ya bar mata 'ya ɗaya, Ashta, da jaki ɗaya, da tarin shawarwarin da har yau suna nan sababbi, don ba ta taɓa ko ɗaya ba. Ita ta gina ɗakinta, ita ta ɗora jinka, ita ke gardamar farashi a kasuwa har mai saye ya ba ta haƙuri. Ba ta tsoron kura, ba ta tsoron soja. Abu ɗaya ta taɓa gani ya girgiza ta, shi ne surukinta Arbab yana cin tuwo.

Ranar bikin Ashta ta gan shi. Bai kamata ta gani ba, amma zana tana da ƙofofi ga mai son gani. Ta leƙa ta hango ango, dogo siriri kamar sandar makiyayi, zaune gaban ƙwaryar da aka zuba wa mutum huɗu. Bai yi gaggawa ba, bai yi magana ba. Hannu ya tafi, hannu ya dawo, sai ƙwarya ta nuna gindinta, sauran ukun suna ta bismilla. Dahabaya ta koma ɗaki ta dubi rumbunta, ta ji kamar an yi mata gaisuwar mutuwa.

To, a Durti namiji ba ya cin abinci a gaban uwar matarsa. Ba ya shan ruwa, ba ya ɗaga ido ya dube ta, magana kuwa gaisuwa ce kawai, a tsugune, takalmi a hannu. Haka ake yi har a haifi ɗan fari. Daga nan uwar matar ta yanka akuya ta dafa da hannunta, ta tara shaidu, ta ɗebi lomar farko ta miƙa masa. Shi ke nan ta buɗe masa baki. Ya zama ɗa, ya ci a gidanta, ya faɗi abin da ke ransa a gabanta.

Ashta ta haifi ɗan fari, aka sa masa Ishaƙ, sai akuyar Dahabaya ta kama tari. Ashta ta haifi na biyu, shekarar ba ta yi kyau ba. A na uku akuyar na da ciki, wane marar imani ne zai yanka mai ciki? Zuwa na biyar mutane sun gaji da tambaya.

Da ma a ce ta tsaya nan. Amma Dahabaya ta gano kunyar nan ba katanga ce kawai ba, har sanda ce. In ta hango hayaƙi a gidan 'yarta, sai ta ji tana marmarin jikokinta. Takan iso daidai lokacin da Arbab ya wanke hannu, ta yi gyaran murya a ƙofa, shi kuma ya tashi ya fice da takalmi a hannu, ita ta zauna ta cinye rabonsa don kada abinci ya lalace. Masu biki ma suka gane amfaninta. Da zarar an ga Arbab ya naɗe hannun riga, sai a aika a ce uwar Ashta ta zo ta sa wa taro albarka. Ta ceci rumbuna da yawa a Durti, ba ta kuma taɓa neman a gode mata ba.

Shekarar da wutar yaƙi ta tashi a ƙetare, mutane suka tsallako rafi, wasu da jaki, wasu da tabarma, wasu da ransu kawai. Cikinsu har da Toma, wadda ta iso da buta ɗaya da bakinta. Dahabaya ta sauke ta a ɗakinta, ta raba mata zane, ba ta tambaye ta abin da ta gani a hanya ba. Da aka kafa sansani a tudun bayan gari, Toma ta ɗauki butarta ta koma can, ta ce gara tantin baƙi da zama inda ƙanwarta ke ba da umarni.

Wata ƙungiyar agaji, wadda kowa ke kira Ƙungiya kawai, ta fara rabon abinci: garin masara, mai a gwangwani, da wani wake rawaya fasasshe da ya ƙetaro teku. Waken nan ya ga ƙasashen da ba wanda ya taɓa gani a Durti, saboda haka da ya shiga tukunya sai ya ƙi dahuwa, yana ganin ya fi ƙarfin itacen ƙauye.

Toma ta juya shi a tafin hannu ta ce, “Wake ba ido? Abin da ba ya ganina, ni ma ba na cin sa.”

Ranar kasuwa matan sansani suka riƙa sauko da shi a kai, masu kiwo su karɓa, su kuma su koma da gero da busasshiyar kuɓewa da kawal. Ragunan Durti ba su taɓa yin ƙiba irin ta wannan shekara ba. Ƙungiya ta ga abinci na ƙarewa da wuri, ta fahimci jama'a na son sa ƙwarai, ta yanke shawarar a ƙaro shi, a kuma gina masa babban sito. Aka je wurin mai gari Daldum neman fili. Mai gari ya zagaya da su, ya wuce filayensa ido a rufe, ya tsaya bakin rafi ya nuna musu inda ba kowa sai ciyawa. Aka kafa turaku.

Dahabaya ta same shi a ƙofar gidansa, jama'a kewaye da shi.

“Mai gari, turakun nan da ke filina, na ɗaure jakin wa ne?”

“Filinki, uwar Ashta? Me kika shuka a ciki?”

“Tafasa.”

“Ke kika shuka ta?”

“Allah ke shuka, ni ke girbi. Haka muka shirya da Shi tun zamanin kakata.”

“To, Shi dai bai kawo ƙara ba. Ciyawa ce, uwar Ashta. Ƙasar da ba a nomawa tawa ce in ba wa baƙo.” Ya dubi mutanensa, ya ga suna jiran ya ƙara, sai ya ƙara. “Ranar da kika ga Ƙungiya ta sa kuɗi ta sayi ciyawa, ki zo, ni da bakina zan kira ta gona, in tuge turakun.”

Aka yi dariya. Mai gari ya ji daɗin maganarsa har ya maimaita ta, don waɗanda ke baya su ji.

Ana cikin haka aka kawo wa Ƙungiya sabuwar shugaba, Madam Remaji, mutuniyar kudu, gajera mai tabarau, wadda ke da wata baƙuwar ɗabi'a ta yawo a kasuwa da ƙafa. A yawonta na farko ta ga buhun Ƙungiya a gaban wani rago, ragon ya tusa kai ciki yana ci da natsuwar wanda ya san haƙƙinsa ne. Ta tsaya ta daɗe tana kallonsa. Bayan nan ta tara mutane ta ce ba ta ga dalilin ɗauko wake daga bayan teku don ragunan Durti ba. Daga yanzu abin da mutanen sansani ke ci shi za a saya, wurin waɗanda ke noma shi a nan. Amma tana son ɗan ƙasa da ya san abinci, wanda zai ɗanɗana kowane kaya a fili, a gaban mai shi, don kada a ce an musanya ko an yi rufa-rufa.

Gari duka ya amsa da murya ɗaya: Arbab. Karon farko ke nan da aka ga mutum ya sami aikin da aka haife shi dominsa.

Dahabaya ta ji labari, zuciyarta ba ta tsaya ko'ina ba sai kan mai gari da turakunsa. Ta zaɓi kawal mafi kyau, ta yi miya, ta tuƙa tuwon gero, ta ɗauka zuwa gindin tsamiyar kasuwa, ta zauna a ƙarshen layi tana shirya kalaman da za ta gaya wa Daldum.

Arbab ya fara daga kan layi cikin sabuwar riga mai tambarin Ƙungiya, Madam na biye da shi. Ya tauna gero, ya tauna riɗi, ya ɗanɗana wake mai ido, da miyar kuɓewa, da kauɗar tumatir. Kowanne sau biyu yake ɗanɗanawa don kada ya zalunci kowa. In ya gyaɗa kai, Madam ta ce an saya, mai kaya ta yi guɗa. Haka har ya iso ƙarshen layi, ya ɗaga ido ya ga gefen zanen da ya fi sani a duniya.

Nan take ya tuɓe takalmi ya tsuguna, ya kawar da fuska, ya ja bakin rawani ya rufe baki. Dahabaya kuwa, abin da jiki ya saba, ta miƙe wuya ta yi gyaran muryar nan tata. Wani daɗi ya ratsa ta. A gaban kasuwa duka, da rigar Ƙungiya da komai!

Madam ta ce, “Arbab, ɗanɗana mana.”

Ya ce da ƙasa, “Madam, ba zan iya ba.”

“Don me?”

Ta yaya mutum zai bayyana kunyar surukarsa a gaban surukarsa? Madam ta sunkuya ta buɗe ƙwaryar da busasshen kawal ke ciki, ƙamshin ya yi mata sallama. Ta ja da baya ta gyara tabarau. Ta dubi mutumin da ya taho yana cin duk abin da aka miƙa masa tun safe, ga shi tsugune ya toshe baki. Ta juya ga jama'a.

“Wai wannan abinci ne?”

Jama'a na riƙe da ciki, dariya ta hana kowa magana, kowa kuma na ganin abin a fili yake, ba sai an faɗa ba. Mai gari ne kaɗai ya daure ya taimaka.

“Ciyawa ce, Madam.”

Madam ta ce, “Ki yi haƙuri, Mama,” ta wuce.

Dahabaya ta ɗora kayanta a kai ta kama hanya, Toma na biye da ita. Tafiya take kamar wadda ta dawo daga yaƙi.

“Yaya, kin ga yadda ya durƙushe? Har gwiwarsa na rawa.”

“Na gani.”

“Ya ɗauka riga za ta cece shi.”

“Kin ci yaƙi, ƙanwata, Allah ya ƙara nasara. Ga ganimarki can.”

Toma ta nuna bakin rafi da haɓa. Mutum biyu na jan igiya tsakanin turaku, suna tattake tafasa. Dahabaya ta tsaya cak, miya ta zubo mata a wuya.

Washegari ta je wurin Madam, ta ja Toma don ta faɗi abin da ita ba za ta iya faɗa ba. Da Madam ta gane, ta yi dariya har ta cire tabarau ta share ido, ta ce su ma a kudu suna da surukai, sai dai nasu ba su kai nan ba. Can kuma sai ta tsuke fuska.

“Tsaya. Ashe surukinki ne? To ai sai ya yi miki alfarma.”

Toma ta ce, “Madam, ki tambayi duk wanda kika ga dama. In akwai mutum ɗaya a ƙasar nan da Arbab ba zai yi wa alfarma ba, ga ta nan zaune.”

Dahabaya ta ce a sa wani ya ɗanɗana. Madam ta ce sauran ma'aikatanta direbobi ne 'yan kudu, in suka shaƙi abin nan sai su ajiye aiki. Dahabaya ta ce to Toma ta zauna a madadinta. Toma ta tuna mata yayar suruka ma suruka ce. Dahabaya ta ce a kafa zana a tsakani, ita tana ciki shi yana waje. Madam ta ce ƙa'idar da ta kafa a gaban jama'a ba za ta karya ta don mutum ɗaya ba, mai kaya ya ga mai ɗanɗano, mai ɗanɗano ya ga mai kaya. Ta ƙara da cewa motocin bulo na tafe kafin kasuwa mai zuwa, in an sauke su kuma ita ba ta da ta cewa.

Da la'asar Dahabaya ta nufi gidan 'yarta, ba a lokacin cin abinci ba, abin da ya tsorata Ashta. Arbab na bayan zana yana gyaran sirdin jaki. Dahabaya ta zauna ta dubi sama.

“Ashta, ki gaya wa uban Ishaƙ akuyar nan ta warke.”

Ashta ta juya ga zana. “Ka ji, wai akuya ta warke.”

Daga bayan zana aka ce, “Alhamdu lillahi. Ki ce wa Inna Allah ya ƙara mata lafiya, ita da akuyar.”

“Ki gaya masa ina so in buɗe masa baki.”

“Ni? Ki ce wa Inna ban isa ba. Yaro ne ni, 'ya'yana biyar kacal.”

Al'ada ce suruki ya ƙi sau ɗaya don ladabi. Arbab mutum ne mai yawan ladabi. Ya ce ya saba, kada a ɓata masa tarbiyya da tsufa. Ya ce ko likita ya ce rage ci na ƙara lafiya, Inna kuwa ta daɗe tana kula da lafiyarsa. Ashta na tsakani tana cusa bakin gyale a baki.

“Ki tambaye shi, don uwarsa, me yake so?”

“Inna, haka zan faɗa?”

“Ki cire uwarsa, ki faɗi sauran.”

Bayan zana aka yi gyaran murya, irin wanda Dahabaya ta sani sarai, don nata ne. “Ki ce wa Inna tsohuwar akuyar nan tausayi take ba ni. Ta sha tari shekara da shekaru, a bar ta ta huta. Amma na hango wani jan taure a gidan, in ban yi kuskure ba.”

Bai yi kuskure ba. Tauren nan Dahabaya ta yi damina guda tana ɗura masa waken Ƙungiya, har ya daina iya tsallake dokin ƙofa. Ta tashi ba sallama.

A hanya ta yi ta juya al'adar nan a ranta kamar yadda take juya kawal, tana neman inda ya yi laushi. Akuya, an faɗa. Dafawa da hannunta, an faɗa. Shaidu, an faɗa. Amma ba ta taɓa jin wanda ya faɗi yawan shaidun ba. Ta karkata ta hau tudun sansani.

Ranar da aka sa, Arbab ya ƙi karyawa don ya bar wa taure wuri. Da hantsi ya doshi gidan surukarsa, tun daga nesa ya ɗauka rasuwa aka yi. Mutanen sansani ne maƙil, tsofaffi da mata da yara, daga ƙofar gida har bakin rafi, kowa da ƙwaryarsa, kowa ya zo shaida. Matan sun kawo geronsu sun tuƙa tuwo tukunya-tukunya. Dahabaya ta haɗa miyar kawal a manyan randuna, jan taure ya shiga ciki ya zama allura cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka. Madam na zaune a kan kujera, mai gari na gefenta, don ba a kiran shugabar Ƙungiya wuri a bar shi.

Da aka buɗe randunan, hayaniya ta ɗauke. Wata tsohuwa daga sansani ta rufe ido ta shaƙa, ta kira sunan wani ƙauye da yanzu babu shi. Toma ta share fuska da gyale, ta zagi wadda ta kawo ɗanyen itace.

Arbab ya tsuguna a tsakiyar fili. Dahabaya ta wanke hannu, ta gutsuri tuwo, ta dangwalo miya, ta miƙa masa kamar mai miƙa hantarta.

“Karɓi, ɗana. Na buɗe maka baki.”

Ya ɗaga ido ya dube ta, karon farko tun da ya auri 'yarta. Ya yi mamaki da ya ga ashe gajera ce. Ya karɓa ya sa a baki. Mata suka rangaɗa guɗa.

Madam ta ce, “To, Arbab, yanzu aikin Ƙungiya. Mai kaya na ganinka, kana ganinta. Me ka ce?”

Ya ce a ƙaro, loma ɗaya ba ta hukunci. Aka tura masa ƙwarya. Ya laluba ciki ya zaƙulo rabonsa na taure, wani ɗan ƙashin gwiwa fari tas. Ya ɗaga shi ya duba, ya dubi taron shaidu, ya dubi surukarsa. Ita kuwa tana kallon wata gajimare. Ya ci gaba da ci a hankali, Dahabaya na jin kowace tauna a ƙirjinta, turaku na tsaye can suna jira.

Ya suɗe hannu ya ce, “Madam, tsakanina da Allah, daga nan har birnin Abeshe babu kawal kamar wannan. Wanda ya ce akwai, bai ci ba.”

Dahabaya ta saki numfashi.

“Sai dai akwai yashi.”

“Akwai me?”

“Yashi, Inna. Tunda kin buɗe mini baki. Shekara da shekaru Ashta na kawowa gida ina ci, ba halin in faɗa.” Ya buɗe baki ya nuna wani gurbi. “Wannan haƙorin, kawal ɗinki ne. A ƙasa kike shanya, iskar rafi na yi masa yayyafi.”

“Kai, ɗan nema! Jiya-jiya kana tsugune, yau kai ne mai koya mini shanya? Yashin rafin nan uwata ta ci har ta ga jikokin jikokinta!”

Toma ta ce, “Ta gan su, amma da dasashi ta yi musu murmushi.”

Fili ya ɓarke. Madam ta ce a ba ta ta gwada da kanta. Ta rufe ido kamar mai shan maɗaci ta kai loma, ta tauna, ta buɗe ido ɗaya, ta kai ta biyu. A ta uku aka ji ƙaras. Ta dafe kunci ta ce an saya, da sharaɗi: shanya a kan tabarma, tabarma a kan rumfa. Kuma tunda hannu biyu ba za su ciyar da sansani ba, matan da suka iya aikin tun a ƙetare su shigo, a raba aiki a raba abin da ya fito.

Dahabaya ta so ta yi gardama, don ba ta taɓa karɓar ciniki a faɗar farko ba. Amma ta hango mai gari yana lallaɓa takalminsa.

“Mai gari, kafin ka tafi. Abin nan da Ƙungiya ta saya yanzu, me sunansa?”

“Uwar Ashta, ai magana ta wuce.”

“Waɗanda ke baya ba su ji ba.”

Daldum ya dubi shaidu, ya ga sun isa a naɗa sarki da su. Ya ce gona ce. Ta ce kunnenta ya tsufa. Ya sake cewa gona ce, da ƙarfi. Kafin la'asar matan sansani sun tuge turakun sun kafa rumfar shanya da su.

Tuluna suka yawaita a bakin rafi, maƙwabta suka daina gudu don babu sauran inda za a gudu. Toma ta naɗa kanta shugabar aiki bisa hujjar ta riga kowa zuwa duniya. Su biyun suna faɗa tun safe har rana ta yi tsaka, su ci tuwo a ƙwarya ɗaya, su ɗora daga inda suka tsaya.

Mai gari dai mai gari ne. Da kaka ta yi ya zo da kansa, ya tsaya daga nesa inda iska ba ta kaiwa, ya yi sallama.

“Uwar Ashta, Allah ya sa albarka a gonar nan.”

“Amin, mai gari.”

“Na ce gona ce, ko ban ce ba?”

“Ka ce, har sau biyu.”

“To kin san ciyawa ba ta da rabon mai gari. Gona kuwa tana da shi.”

Dahabaya ta ce gaskiya ne, ita ba mai cin haƙƙin manya ba ce. Ta roƙi ya ɗan ba ta lokaci ta zaɓo masa na kirki.

Ta jira har ranar da manyan baƙi suka zo masa daga garin Adre, aka shimfiɗa darduma a zaure, aka ɗora shayi. Ta tono tulu mafi girma, wanda ke tsakiyar aikinsa, bai nuna ba bai kuma fasa ba. Ita da Toma suka ɗora wa jaki suka kai har cikin zaure, suka gaida baƙi cikin ladabi. Mai gari ya ce a kai bayan gida, an gode. Dahabaya ta ce a'a, amana a gaban shaidu ake miƙa ta, kada gobe a ce ta kawo tulu rabi. Ta durƙusa ta fasa lakar.

An ce babban cikin baƙin sai a mota aka bi shi da takalminsa.